Takarda Ba Ta Sallama

A zamanin nan hukumomin ƙididdiga da dama sun rage aika ma'aikata gida-gida, sun koma barin mutum ya cika takardar tambayoyi da kansa, ta gidan waya ko ta intanet, don tsimin kuɗi. To, a nan akwai abin lura.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardu kimanin miliyan 10 don jin wanda za a zaɓa shugaban ƙasa. Fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon zai ci. Ranar zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Ashe masu jin haushinsa ne suka fi ɗokin mayar da amsa.

Ma'aikaci in ya yi sallama, da tsoho da wanda bai yi boko ba duk za su tanka, in bai tarar da maigida ba ya komo gobe. Takarda ba ta yin haka. Wanda bai cika ba ba a ƙirga shi, wanda ba a ƙirga ba kuwa da wuya a tuna da shi ranar rabon rijiya da asibiti. Mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.