Wuridi Ba Ya Biyan Bashin Kifi

'Yan'uwana mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mil 12, da na Sabon Badun da Shagamu, har zuwa Anaca. Maganar da na zo da ita yau ba mai daɗin ji ba ce, amma tun da mu ya mu ne, gara mu faɗa wa junanmu kafin wani ya faɗa mana.

A ƙarshen shekarar 2023, da ruwa ya fara janyewa daga fadama, wani wana da ke sana'ar kifi a Gashuwa ya ɗora wa wani Alhaji na nan Ikko kwali 30 na bandar tarwaɗa. Aka yi da shi zai aiko kuɗi bayan mako biyu. Babu takarda babu shaida, domin an saba, kuma mutumin ba a san shi da wasa da salla ba. Sahun farko yake, carbi ba ya barin hannunsa, wazifa ba ta wuce shi. Mako biyu ya zama wata biyar. In an buga waya sai ya ce kasuwa ta yi sanyi, a ƙara haƙuri. Da azumin 2024 ya kama, sai ga hotonsa a wayar wan nawa, yana sanye da harami a Makka, ya tafi Umara.

To, jama'a, kuɗin nan ba na wana ba ne shi kaɗai. Kifin a hannun masunta ya karɓa bashi. Masuntan kuwa mai raga yana bin su, mai itacen banda yana bin su, ga iyali. Kuma duk wanda ya san ƙasar Bade ya san kifi ba kamar dā yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Watau abin da mutum ya wuni cikin kwalekwale ya samo da ƙyar, shi wani ya riƙe a Ikko ya tafi neman lada da shi.

Mu 'yan kasuwa in an ce mana yaya za a haɗa ibada da neman kuɗi, nan da nan hankalinmu sai ya tafi kan lokaci: wa zai tsare mini rumfa in yi Azahar, yaya zan yi da mai saye ga ladan yana kira. Wannan mai sauƙi ce, kuma Alhamdu lillahi mun iya ta. Ko abokan zamanmu Yarabawa da Ibo sun shaide mu da ita. Suratul Juma'a ma ta raba gardama: a bar ciniki in an kira sallar Juma'a, in an idar a koma neman arziki. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an yi sallama an koma rumfa, wajen mudu da sikeli, da kayan da aka ɓoye aibinsu a ƙarƙashin kwali, da kuɗin mutane.

Ni a ganina ga inda ɓarakar ta samo asali. Yawancinmu mun yi makarantar allo, mun karanta Ahalari da Ishmawi, waɗanda duk batunsu tsarki ne da salla, sai azumi a Ishmawi. Kafin mu kai babin ciniki a cikin Risala, an riga an sa mu a mota mun taho Kurmi neman abinci. Saboda haka sai ka sami mutum ya san ƙabli da ba'adi kamar ruwa, amma shekara 30 yana kasuwa bai taɓa zama gaban malami ya tambayi hukuncin bashi ba. Alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, da rubuta shi, da kafa masa shaidu. Kuma akwai sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu.

Kakanninmu ba su raba abin gida biyu haka ba. Ku dubi Nguru. Layin dogo daga Kano ya isa garin a 1930, ya tsaya nan, sai ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama da ake lodi zuwa Kudu. A wannan gari na fatake da dillalai da fatoma ne Shehu Muhammadu Gibrima, almajirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ya zauna yana karantarwa yana rubuta littattafan salati har ya rasu a 1975. Tasha da zawiya gari ɗaya suka tashi.

A wannan gefen kuma, wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro. Abin da ya gani shi ne kusan duk cinikin shanun bashi ne. Mahauci ya ɗauki sa ba takarda, maigidan da baƙo ya sauka wurinsa shi ne lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Ya kuma lura cewa shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su da juna, domin wanda kuke zama zikiri tare kullum yana jin nauyin cin amanarka. Ashe a wancan zamani zaman wazifa shi kansa jari ne. Yau kuwa wasunmu sun mai da shi riga, su sa don a yarda da su a ba su kaya. (Kada 'yan Izala su yi dariya, gajeren wando da gemu ma ana cin bashi da su.)

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Mu ma nan bashi muke bayarwa. Matar da ta ɗauki kwali biyar a Mil 12 sai ta sayar take kawowa, wata ma ba ta dawowa. Ga kuɗin mota, ga masu tare hanya da rasit iri-iri tun daga Potiskum har gadar Jebba. Wanda ya karye da gaske, shari'a ta ce a saurara masa har ya samu, kuma mutanen gida ba su taɓa ƙin haka ba. Amma wanda yake da kuɗin kujerar Umara bai karye ba. Hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci, malamai kuma sun ce haƙƙin mutane yana gaba da nafila. Wannan ba boyayyen karatu ba ne.

Abin da nake roƙo ƙanƙane ne. Limamanmu na unguwannin Hausawa su ware dare ɗaya a mako, tsakanin Magariba da Lisha, a karanta babin ciniki da Hausa, a bar 'yan kasuwa su yi tambaya. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kifi da 'yan shanu kuma su sa a riƙa rubuta duk kayan da aka karɓa bashi, da ranar biya. Rubutu ba rashin yarda ba ne, umarni ne, kuma yanzu ko a waya ana iya yi. Wanda sunansa ya daɗe a littafin, kada a tara jama'a a raka shi filin jirgi.

Wan nawa dai ya sayar da tumakinsa biyu da injin ban-ruwa ya sallami masunta kafin Salla. Alhaji ya dawo lafiya, ya aiko masa da dabino da carbi da 'yar gorar Zamzam ta hannun direba, da saƙon cewa ya yi masa addu'a a gaban Ka'aba. Rabin kuɗin ya shigo bayan Babbar Salla. Sauran har yau ana ƙara haƙuri.