RA'AYI: HAKIN MAI CIKI DA NA MAI JEGO BA ABIN RAINAWA BA NE

Sanin kowa ne cewa ɗaukar ciki ba ya rabuwa da laulayi, da kasala, da kumburin ƙafa. Saboda haka idan mace mai tsohon ciki, ko wadda ta haihu kwanan nan, ta ce numfashinta yana sarƙewa, abin da aka saba gaya mata shi ne ta yi haƙuri, haka kowace mace take yi. To, amma fa akwai wani mugun ciwo da yake ɓuya a bayan waɗannan alamu, watau raunin tsokar zuciya, wanda yakan kama mace a ƙarshen ciki ko a cikin watannin farko bayan haihuwa.

Wajibi ne 'yan Arewa mazauna Kudu su san wannan ciwo, domin kuwa Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A Amurka akan same shi ga mace 1 cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A Zariya kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura a shekarun 1970 cewa ya kai kimanin mace 1 cikin 100, har Davidson da Parry suka buga bayanin mata 224 masu ciwon a 1978. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, ya sake nuna cewa a Arewa maso Yamma ciwon ya fi yawa.

Tun daga farkon ciki jinin jikin mace yake ƙaruwa, har ya ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, kuma zuciya ce take ɗauke da nauyin harba shi. Idan tsokarta ta raunana sai ta saki, ta kasa tura jinin yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suke iya raunana tsokar nan shi ne ƙwayoyin cuta na bairas, irin waɗanda suke kawo mura, da zazzaɓi, da gudawa. Galibi sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma wani lokaci sukan kai ga tsokar zuciya, sai garkuwar jiki ta taso yaƙi da su, garin yaƙin ta yi wa tsokar lahani ta kumbura. An daɗe da sanin cewa bairas ɗin Coxsackie yana yin haka, an kuma ga irinsa a annobar korona ta 2020. Zuciyar da ciki ya riga ya ɗora wa kaya, ga kumburi kuma, ba wuya ta gaza.

Duk da haka, kuskure ne a ɗora wa bairas laifin duka. A wani bincike da aka yi a Jamus a 2005, an sami alamar bairas a tsokar zuciyar mata 8 cikin 26 masu ciwon, amma an sami kusan haka ga waɗanda aka gwada su da su. Likitocin Zariya na wancan lokaci sun zargi zafin wankan jego, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da gishirin kunun kanwa. Binciken 2020 ya fi nuna hawan jinin masu ciki, da rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a. An kuma sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon a Kano da Yamai, kuma akwai matan da suke gadon raunin daga iyaye. Watau dalilai ne suke haɗuwa a jikin mace ɗaya.

Tun da yake ba a iya faɗin wadda ciwon zai kama, abin da ya rage shi ne a gane shi da wuri. Alamunsa su ne haki a kan ɗan aiki kaɗan, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai, da farkawa cikin dare ana neman numfashi, da tarin dare, da bugun zuciya da sauri, da kumburin da yake haurawa daga ƙafa zuwa ciki. Idan ɗaya daga cikinsu ya biyo bayan mura ko zazzaɓi, ko ya bayyana bayan haihuwa, to lalle a tafi asibiti a ranar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita kome, har da kunun da ake sha da jiƙe-jiƙen da ake yi. Hoton zuciya da na'ura shi ne yake tabbatar da ciwon, kuma ana yin sa a manyan asibitoci kamar na koyarwa da ke Idi-Araba a Legas da na Ibadan.

A nan nauyi ya hau kan magidanta. Mace a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko Fatakwal, sau da yawa ba ta da uwa ko gwaggo a kusa, maigida kuwa ya fita kasuwa tun asuba sai dare. Wata kuma ba ta jin yaren ma'aikatan asibiti. Wajibi ne miji ya ba ta izini da kuɗin awon ciki, ya raka ta ko ya nemi mai yi mata tafinta. Wanda ya tura matarsa gida goyon ciki ko wanka, kada ya ɗauka aika kuɗin rago da itace ya sauke masa nauyi. Ya riƙa bugo waya yana tambayar yadda take numfashi da yadda take barci, ya kuma roƙi surukai cikin ladabi su rage kanwa da gishiri, domin suna tara ruwa a jiki.

Haka kuma a guji zuwa kemis a sayi kafso, domin ba ya kashe bairas, ba ya kuma gyara zuciya. Akwai ma magungunan zuciya da suke cutar da ɗan tayi, likita ne kaɗai ya san wanda ya dace. Da magani a kan lokaci mata da yawa suna warkewa, amma wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki yana iya zama ajalinta. Ya kamata miji ya karɓi shawarar likita a kan tazarar haihuwa.

Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni su ma suna da nasu aikin. Su riƙa faɗakarwa a masallatai da wuraren suna, su kuma tanadi asusun kai mara lafiya asibiti cikin gaggawa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego ƙoshin lafiya, amin.