Rashin magana ba rashin hankali ba ne

Tun daga New Bell da ke birnin Duwala har zuwa Jibiya da Maigatari, da wuya a samu unguwar Hausawa da babu gidan da yaro ya kai shekara biyar ko shida bai fara magana ba. Kunnensa lafiya lau, domin yana jin ƙarar babur tun daga nesa, amma idan an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya son haɗa ido da kowa, kuma da zarar an sauya masa abin da ya saba sai ya ɓarke da kuka. Wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ce ɗan ruwa ne, daga nan sai a shiga yawon neman magani, kuɗi su ƙare, a ƙarshe a kulle yaro a ɗaki don gudun surutun maƙwabta.

Likitoci na kiran wannan lalura otizim, kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma suna ce mata galahanga. Yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma ana samunsa a kowace ƙabila. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, masana kuma sun ce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na waɗannan yara ba sa magana ko kaɗan, ko kuma kalmominsu ba su taka kara sun karya ba. A kan waɗannan ne muke son jawo hankalin 'yan uwanmu 'yan kasuwa.

Mu da muke fatauci ya kamata mu fi kowa gane cewa baki ba shi kaɗai ne hanyar isar da saƙo ba. Alhazanmu nawa ne suke zuwa ƙasar Sin sayen kaya ba su jin Sinanci ko kalma ɗaya? Mai kaya ya danna farashi a kalkuleta, Alhaji ya girgiza kai ya danna nasa, a haka har ciniki ya faɗa. A kasuwar Kiye-Osi ma, inda Kamaru ta yi iyaka da Gabon da Ikwatoriyal Gini, sau nawa muka sayar wa mai jin Sifaniyanci kaya da nuni da yatsa? Babu wanda ya taɓa cewa Alhaji ba shi da hankali don ya kasa furta Sinanci. To, me ya sa ake yanke wa yaro wannan hukunci?

Ga misalin Jordyn Zimmerman, 'yar jihar Ohio ta Amurka. Ta yi shekaru a makaranta malamai na ɗaukarta a matsayin wadda ba ta fahimtar komai, har sai da ta kai shekara 18 ta fara rubuta abin da ke ranta da hannunta a na'urar iPad. A 2020 ta kammala digirin farko a Jami'ar Ohio, a 2021 ta samu digiri na biyu a fannin ilimi daga Boston College, sannan a 2022 Shugaba Joe Biden ya naɗa ta cikin kwamitin da ke ba shi shawara kan masu lalurar fahimta. Haka nan Hari Srinivasan, wanda ke rubutu na'ura ta karanta da murya, ya kammala Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2022, ya wuce Jami'ar Vanderbilt neman digirin digirgir kan nazarin ƙwaƙwalwa. Dukansu biyu sun yi ta fafutukar ganin an ba sauran yara irinsu hanyar bayyana kansu tun suna ƙanana, domin sun san zafin shekarun da aka yi ana yanke shawara a kansu ba tare da an tambaye su ba.

Ba muna cewa kowane yaro zai kai jami'a ba ne, domin lalurar hawa-hawa ce. Amma ko da abin da yaro zai samu bai wuce ya iya nuna cewa cikinsa ke ciwo, ko ƙishirwa yake ji, ko wane ne ya dake shi a waje ba, ai an yi babbar riba. Sau da yawa ihu da buga kai da bango da ke ba iyaye tsoro, yaro ne ke ƙoƙarin faɗin wani abu ya rasa hanya. Wanda kuma ba ya iya kai ƙara, shi ne mugaye suka fi samun saukin cuta.

Abin farin ciki shi ne, farawa ba ta buƙatar jari mai yawa. Tun 1985 wasu ƙwararru biyu, Andy Bondy da Lori Frost, suka ɓullo da tsarin koya wa yaro miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Hoton kofin ruwa, na kwanon abinci, na banɗaki, na mahaifiyarsa, duk ana iya ɗaukarsu da wayar da ke aljihunmu a wanke a manna a kwali. Daga hoto wasu yaran kan wuce zuwa haruffa, daga nan zuwa rubutu a waya. Masu tsoron kada hoto ya sa yaro ya ƙi magana su kwantar da hankalinsu, binciken masana ya nuna ba ya hanawa, wasu ma yakan taimaka musu.

Sai dai kowace kasuwa da jabunta. Akwai hanyar da wani ke riƙe hannun yaro yana kai shi kan haruffa, a ce yaron ne ya rubuta. A farkon shekarun 1990 an gwada ta a Amurka: aka nuna wa yaro hoto daban, aka nuna wa mai riƙon hannu wani daban, sai ga shi abin da mai riƙon ya gani ne ke fitowa. A 2018 ƙungiyar ƙwararrun magana da ji ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su guje ta. Ma'auninmu shi ne yaro ya nuna ko ya danna da kansa, ko da a hankali ne.

Sauran aikin kuma na hukuma ne. A Kamaru akwai doka mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu, 2010, wadda ta tanadi kare haƙƙin masu nakasa, har da sassauta ko yafe kuɗin makaranta ga marasa galihu daga cikinsu, a Nijeriya ma an sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019. Amma doka ba ta bin mutum har gida. Daga New Bell zuwa Bonanjo, inda ofishin gwamna da kotuna suke, tafiyar 'yan mintoci ce, kuma idan kayanmu suka maƙale a tashar jirgin ruwa mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Haƙƙin yaro bai fi kwantena ba?

Don haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su ƙidaya irin waɗannan yara a unguwanninsu, su taimaka wa iyaye su kai su asibiti a auna jinsu a kuma tantance lalurar, a nema musu katin shaidar nakasa, sannan a tafi gaban hukuma a ƙungiyance a nemi gurbi a makarantu. Daga kuɗin adashi da na taimakon juna a ware wani abu don horar da malami ko da guda ɗaya a kowace makarantar unguwa. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa wannan lalura tun 2007, ta isa ta zama ranar da za mu riƙa zama muna duba inda aka kwana.

Iyaye mata sun daɗe suna ɗauke da wannan nauyi su kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu.