Darasin waken Minjibir ga masu yi wa manoma manhaja

Kwanakin baya na halarci wani zama a wani ofis a Kano, inda ake shirin ƙirƙiro manhajar waya da za ta riƙa ba manoma shawara kan iri da taki da lokacin shuka. An zaɓi wasu ƙauyukan Minjibir a matsayin wurin gwaji. Kowa ya yarda cewa sai an ji ta bakin manoma kafin a fara aiki. Rigimar ta taso ne a kan yadda za a ji ta bakin nasu.

Wakiliyar masu ba da kuɗi ta ce a buga wa manoma da yawa waya, a yi musu tambayoyi, domin alƙaluma take buƙata a rahotonta. Injiniyan manhajar ya ce ɓata lokaci ne, a saki manhajar kawai, bayanan da za ta tattara su za su nuna inda mutane ke danna wa da inda suke tsayawa. Malamin gona, wanda ya fi kowa shekaru a wurin, ya ce a je a zauna da mutane a gona da ƙofar gida. Da aka kasa daidaitawa, sai shugaban zaman ya yanke cewa a yi kaɗan daga kowanne, don kada ran kowa ya ɓaci.

A ganina wannan ba sulhu ba ne. An raba kuɗi uku, kowa zai dawo da sakamakon da ya goyi bayan abin da ya riga ya yarda da shi, rigimar kuma ta dawo sabuwa. Abin mamaki, a Minjibir ɗin da za su je an taɓa yin irin wannan muhawara, kuma an samu mafita. A kan wake aka yi ta.

Abin da sikeli bai auna ba

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, tana da gonar gwaji a Minjibir, inda ta shafe shekaru tana aiki kan wake. A shekarun 1980 masanan cibiyar sun fito da irin wake mai saurin nuna, wanda ake iya girbewa cikin kimanin kwana 60. Idan aka shuka shi shi kaɗai aka yi masa feshi, yakan ba da ƙwaya fiye da irin gargajiya nesa ba kusa ba. A kan sikeli babu gardama.

Amma manoman ƙasar Kano da yawa ba su saki Ɗan Ila da Kanannado ba. Dalilin yana kan rufin ɗakunansu da rassan bishiyoyinsu: harawa. A yanki irin Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma makiyaya ta yi ƙaranci, harawa ce ke riƙe tumaki da awaki a lokacin rani. Dabbobin su ke ba da takin da ake kaiwa gona. Wanda ya adana harawa kuma yakan sayar da ita da daraja idan rani ya yi nisa. Irin gargajiya mai yaɗo ba ya cika buhu, amma yana cika rufin ɗaki, kuma yana jure zama a tsakanin gero da dawa.

Masani yana auna ƙwaya, manomi yana lissafin ƙwaya da harawa tare. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, tambayarsu ce ta bambanta. A shekarun 1990, lokacin da Dakta B. B. Singh ke jagorantar aikin wake a Kano, cibiyar ta haɗa hannu da takwararta mai binciken dabbobi, ILRI, aka shigar da harawa cikin abin da ake aunawa, aka kuma kai gwaji gonakin manoma a wurare irin su Bichi. Daga nan aka samu nau'o'i masu amfani biyu, kamar IT90K-277-2, da tsarin shuka layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake.

Tun kafin wannan, a ƙarshen shekarun 1960, David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi manoma a ƙauyukan Zariya yana lissafin aikinsu da abin da suke samu. Ya nuna cewa gauraya amfanin gona a fili ɗaya, wanda ake yi wa kallon rashin wayewa, dabara ce mai riba da ke rage hatsarin asara.

Darasin a nan shi ne, ba a warware saɓanin ta hanyar zaɓar wanda ya fi girman muƙami ba, ba kuma ta hanyar raba kuɗin bincike daidai ba. An koma an gyara tambayar.

Kowace hanya da makantarta

Duk mutanen nan uku na zaman Kano suna da gaskiya, kuma kowannensu akwai abin da hanyarsa ba za ta gani ba.

Tambaya ta waya tana ba da adadi. Sai dai wanda ke da waya da caji da sabis kaɗai za ta samu, kuma yawanci maigida ne. Matar da ke kiwon awaki a cikin gida, take soya ƙosai da waken da ake magana a kai, muryarta ba za ta fito ba. Sannan mutanenmu suna da kara. Idan baƙo ya tambayi mutum ko zai yi amfani da abu, da wuya ya ce a'a, balle idan yana zaton akwai tallafi a bayan tambayar.

Bayanan da manhaja ke tattarawa ba su da kara, abin da mutum ya danna shi suke nunawa. Amma ba su san wanda bai taɓa buɗe manhajar ba, ba su san ko ɗan manomin ne ɗan sakandare ke danna wa ba, ba kuma za su faɗi dalilin da ya sa aka tsaya a shafi na biyu ba. Wataƙila data ce ta ƙare. Wataƙila rubutun boko ne, shi kuma mai wayar ajami ya iya.

Zama da mutane yana bayyana dalili. Amma hirar mutum goma ba za ta gaya maka manoma nawa ne a ƙaramar hukuma ke da babbar waya ba. Idan kuma mai gari ne ya zaɓo waɗanda za a gani, to na kusa da shi za a ji.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka tsallake wannan mataki. A 2012, zamanin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara rabon takin tallafi ta hanyar saƙon waya: manomin da aka yi wa rajista ya samu saƙo, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin ya kai taki ga manoma da yawa, ya kuma rage hannun 'yan tsakiya. Amma koke-koken da suka biyo baya na rashin sabis ne, da rashin waya, da saƙon da bai iso ba, da wanda ya iso ga mutumin da ba zai iya karanta shi ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake ganewa idan aka tsaya kusa da manomi ana kallon yadda yake fama da wayarsa.

Yadda nake ganin za a sasanta

Abu na farko, a daina gardama kan hanya, a rubuta shawarar da ake son yankewa. Za a yi manhajar da murya ne ko da rubutu? Don babbar waya ko ƙarama? Shawarar wake za ta haɗa da harawa? Idan aka rubuta, sai a ga cewa kowace tambaya da hanyarta. Wadda ta fara da "nawa ne" ta masu ƙidaya ce. Wadda ta fara da "me ya sa" ta masu zama da mutane ce. Wadda ta ce "zai iya kuwa" ba ta da amsa sai an miƙa wa mutum wayar an yi shiru ana kallo.

Na biyu, a bi su a jere. A fara da wadda ta fi araha kuma ta fi saurin tona kuskure. Jakob Nielsen, wanda ya yi suna a binciken yadda mutane ke amfani da kwamfuta, ya yi bayani a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan bankaɗo mafi yawan matsalolin da ke hana amfani da manhaja, don haka gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa. Shi kansa ya ce idan masu amfanin iri-iri ne, kowane rukuni sai an gwada da shi. A Minjibir wannan na nufin magidanta daban, matasa daban, mata daban, kuma mace ce za ta shiga wurin mata. Bayan an gane matsalolin ne ƙidaya za ta yi amfani, domin a lokacin an san abin da ya kamata a ƙidaya.

Na uku, kafin a fita, kowa ya faɗi abin da idan ya gani zai sauya ra'ayinsa, a rubuta. Injiniya ya ce idan mafi yawan waɗanda aka gwada suka kasa kaiwa ga shawarar taki ba tare da taimako ba, ya yarda a koma murya. Malamin gona ya ce idan suka iya, ya janye. Wanda ya ce babu abin da zai sauya masa ra'ayi, ba bincike yake nema ba.

Na huɗu, a tafi tare. Rahoton da wani ya rubuto ana iya musanta shi, amma gani ya kori ji. Injiniyan da ya tsaya a rana ya ga dattijo yana neman inda zai danna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Na biyar, a san tun farko wanda zai yanke hukunci idan aka dawo, da ranar da zai yanke. Damina ba ta jiran taro.

Za a ce wannan zai ci lokaci, masu kuɗi kuma alƙaluma suke so. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne su san inda kuɗinsu ya tafi. Amma adadin waɗanda suka sauke manhaja kamar nauyin ƙwaya ne a sikeli: yana da daɗin rubutawa a rahoto, ba ya nuna ko abin ya zauna a hannun mutane. Mako biyu a ƙauye bai kai asarar damina guda ba.

Akwai kuma wanda ba a gayyata zaman Kano ba, alhali shi ne babban mai ruwa da tsaki. Idan manhajar ta ba da shawarar da ba ta dace ba, injiniya zai gyara ta a fitowa ta gaba, mai ba da kuɗi zai koma wani aikin. Manomin ne zai shiga rani da rumbu rabi da awaki babu harawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za a sake zama, a ajiye kujera ga manomi da mace mai kiwo daga Minjibir, a fara da tambayarsu abin da su suke aunawa.