A Sa Wa Dillalan Fanshon Tsofaffin Sojoji Linzami

Tsohon soja da ya dawo gida Jega, Aliero ko Maiyama, haƙƙinsa yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja. Tafiyar da nisa, takardun da Turanci, yanzu kuma tantancewa ta koma intanet. Dole ya nemi mai taimako, a nan dillalai suke samun ƙofa.

Ba mu ce kowane mai cike takarda macuci ba ne; wanda ya yi aiki a biya shi. Amma wa ya yanke farashin? Matar marigayi da aka ce ta ba da wani kaso na kuɗin mijinta, ko ta miƙa katin banki da lambar sirri, wurin wa za ta kai ƙara? Mijin nan wataƙila a Laberiya ko Sambisa ya baro lafiyarsa.

A Amurka, cikin masu taimaka wa tsofaffin sojoji neman haƙƙinsu, sai mai rajista ke karɓar lada, kuma ba a kan buƙatar farko ba. Muna kira ga Ma'aikatar Tsaro ta yi wa masu wannan sana'a rajista, ta ƙayyade ladansu. Muna kuma kira ga ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion reshen Kebbi ta buɗe teburin taimako kyauta a Jega ranar kasuwa.