RA'AYINMU: MAN RAKE KO FETUR?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da gwamnatin tarayya ta janye tallafin fetur, maganar neman abin da zai maye gurbinsa ba ta fita daga bakin jama'a ba. Cikin abubuwan da ake ambata har da etanol, wato man da ake tatsa daga rake, masara ko rogo, da kuma motoci masu cin mai iri biyu, waɗanda ake zuba wa fetur, ko etanol, ko gaurayensu a tanki ɗaya. Kafin mu yanke hukunci, ya kyautu mu duba ƙasar da ta yi nisa a wannan hanya, wato Birazil.

Tsadar man da ta girgiza duniya a 1973 ita ta sa gwamnatin Birazil ta ƙaddamar da shirin yin mai daga rake a 1975. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da mota mai cin etanol zalla, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 yawancin sababbin motocin ƙasar irinta ne. Amma da farashin fetur ya faɗi a 1986, sukari kuma ya yi daraja a kasuwar duniya, sai masu masana'antu suka karkata ga yin sukari. A 1989 etanol ya yi wuya a gidajen mai, masu motocin da ba sa cin komai sai shi suka kwana a layi, jama'a suka juya wa shirin baya.

Abin da ya farfaɗo da shi shi ne motar da Volkswagen ya fitar a 2003 mai cin mai iri biyu. Na'urar da ke cikinta ita ke gane irin man da aka zuba, ta daidaita yawan abin da inji zai sha. Direba ya sami zaɓi, kuma a yau mafi yawan ƙananan motocin da ake sayarwa sababbi a Birazil irin waɗannan ne.

To, wanne ya fi? Etanol yana ƙonewa sarai, ba ya sa inji ƙwanƙwasa, hayaƙinsa bai kai na fetur illa ba, kuma ana noma tushensa kowace shekara. Sai dai lita ba ta zama daidai da lita ba. Ƙarfin da ke cikin litar etanol ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka tanki yana saurin ƙarewa. Shi ya sa direbobin Birazil ba sa sayensa sai farashinsa ya yi ƙasa da kashi 70 cikin 100 na fetur. Idan fetur yana naira 1,000, wanda ya sayi etanol a kan naira 800 asara ya yi, ko da yake a ido araha ya gani. Bayan haka etanol yana jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafa a tsofaffin injuna waɗanda ba a ƙera su dominsa ba.

Ɗan'uwansa metanol ya fi shi matsala. Guba ne, ƙarfinsa kuma wajen rabin na fetur ne. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima ƙasar nan, motoci suka lalace, dogayen layuka suka dawo gidajen mai.

A ganinmu, darasin a fili yake. Amfanin etanol yana ga wadatarsa, da farashin gaskiya, da motar da za ta iya ɗaukarsa. Nijeriya ta tsara manufar gauraya kashi 10 cikin 100 na etanol a fetur tun 2007, amma mai mota bai ga tasirinta ba. Ƙasar da har yanzu take sayo yawancin ɗanyen sukarinta daga waje, akasari daga Birazil ɗin, ba ta da rarar raken da za ta zuba a tanki. Rogo kuwa, ko da yake mun fi kowace ƙasa nomansa, abincin talaka ne, kuma bai dace a cika tanki a bar tukunya ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da ta fara daga gona. A faɗaɗa noman rake a wurare irin su Bacita da Numan, a ƙarfafa binciken ingancin mai a tashoshin jiragen ruwa da gidajen mai, a horar da makanikai, sa'an nan a soma gaurayawa kaɗan-kaɗan tare da sanar da mai saye abin da ake zuba masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.