Takardar Koke Kan Makomar Ciniki a Iyakar Maigatari

Zuwa ga:
Mai Girma Ministan Harkokin Waje,
Abuja.

Ta hannun ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ranka ya daɗe,

Mu fatake da dillalan dabbobi da manoman ƙasar Gumel muna gabatar da kukanmu kan tattaunawar ECOWAS da ƙawancen AES na Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Mu da mutanen Dungas da Magarya da Damagaram jini ɗaya ne. Garin Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo nan, yau yana cikin Nijar. Kowace Alhamis, daga Nijar ake koro yawancin shanu da raƙuma da tumakin da ke cika karar Maigatari, a loda su zuwa Legas da Fatakwal.

Kokenmu na farko shi ne yawan rufe iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta har Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni mun ga turaku babu dabba, dillalai zaune jugum a gindin rumfa, masu lodi da masu tuwo-tuwo sun tashi hannu rabbana.

Na biyu, rashin tabbas. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, a Mayun 2025 kuma, dab da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Bafatake ya ci bashi ya canji sefa, sai ya ji doka ta sauya a rediyo. Alkawarin da ECOWAS ta yi na barin zirga-zirgar mutane da kaya ma na wucin gadi ne.

Na uku, ana yanke shawara a Abuja da Bamako ba tare da an ji ta bakinmu ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna roƙon:

1. A raba ciniki da rikicin siyasa, a ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da za ta hana rufe iyaka ga abinci da dabbobi.
2. A wajabta wa kowane ɓangare ba da sanarwa da isasshen wa'adi kafin hana fitar da kaya ko ƙara haraji.
3. A ƙarfafa Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, a ba Masarautar Gumel da wakilan 'yan kasuwa kujera a zamanta.
4. A rage shingayen kan hanyar Maigatari zuwa Kano.
5. A raya yankin ciniki maras haraji na Maigatari, domin riɗinmu da zoɓonmu su samu mafita.

Muna fatan za a duba kukanmu da idon rahama tun kafin a sa hannu kan wata yarjejeniya. Allah Ya yi maka jagora.

Naka masu biyayya,
A madadin fatake, dillalai da manoman Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.